Kafin ka kai uwargida bakin teku, ka fara tunanin inda za ku ci abinci



A 'yan shekarun nan an fara samun matasan magidanta a garin Bauchi da suke ɗaukar matansu su tafi hutun ƙarshen mako, su biyu rak, an bar yara a wurin kaka ko wata gwaggo. Wasu Jos suke hawa, wasu Yankari, waɗanda Allah Ya hore wa kuma su wuce har Legas domin uwargida ta ga teku da idonta. Ni dai ina cikin masu ganin wannan abu alheri ne, duk da na san akwai dattawan da za su ce sabon salo ne, kiran salla da usur. Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne yadda ake shirya tafiyar. Maigida zai yi mako biyu yana neman tikiti mai sauƙi, ya tambayi abokai goma wane otal ne ke da wuta da ruwa, uwargida ta kai wa tela ɗinki, ta yi lalle da kitso, amma babu wanda ya tsaya ya ce, to idan mun isa a ina za mu ci abinci? Ana barin wannan sai yunwa ta kama, alhali a nan ne yawancin irin wannan tafiya take ɓaci. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma mata da miji da suka wuni da yunwa a garin da ba su sani ba, ƙaramar magana ma tana isa ta haɗa su faɗa.

Mu fara da abin da hutun yake nufi ga ita matar. Mu maza idan an ce hutu, abin da ke zuwa mana shi ne barin ofis ko shago. Ita kuwa wurin aikinta madafi ne, sau uku a rana, kwana bakwai a mako, babu Asabar babu Lahadi, ko da kuwa ita ma ma'aikaciya ce da take fita da safe. Saboda haka babban abin da za ka ba ta a wannan tafiya shi ne kwana biyun da wani zai dafa, wani ya kawo, wani ya wanke kwano. Shi ya sa nake jin haushi idan na ga an loda kuloli a bayan mota, an ce ai Hajiya ce ta kwana tana soya kaji da dambun nama da miyar da za ta kai su Lahadi. Baiwar Allah ta yi aikin kwana uku a dare ɗaya, ta shiga mota a gajiye, sannan a ce an kai ta hutu. Guzuri ba laifi ba ne, amma a saya a kasuwa. Kilishi da dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli duk suna nan a Wunti da Muda Lawal, ba sai ta hura wuta ba.

Sai kuma batun wa zai zaɓa. Yawancin matanmu an rene su da kunya, har akwai waɗanda shekara guda bayan aure ba sa iya sakin jiki su ci abinci a gaban miji, balle a gaban baƙi. Idan ka tambaye ta me za ta ci, amsar da za ka samu ita ce, “Duk abin da ka ce.” Maigida da yawa sai ya ɗauki wannan amsa a matsayin izini, ya yi odar abin da shi yake so kashi biyu, ta tsakura kaɗan ta ajiye cokali, ya biya kuɗi yana jin an yi masa asara. Maganar ba a teburin gidan abinci ake yin ta ba, yaro mai kawo abinci yana tsaye a kanku da biro. Tun a gida ake yin ta, kwana biyu ko uku kafin tafiya. Yawancin gidajen abinci na manyan garuruwa suna saka jerin abincinsu da farashi a Instagram ko a taswirar Google, da hotunan da masu ci suka ɗauka da kansu, waɗanda sun fi na masu gidan faɗin gaskiya. Miƙa mata wayar, ta duba a natse, ta ware wuri biyu ko uku. A ganina babban cin abinci na tafiyar, wanda za a kashe wa kuɗi, ita ya kamata ta zaɓa. Kai ka riƙe lissafi da tambayoyi.

Wanda bai san Legas ba yakan ɗauka gari ne kamar namu, inda daga Fadamar Mada zuwa Yelwa bai fi 'yan mintuna ba a keke. Legas garuruwa ne da yawa da ruwa ya raba. Filin jirgi yana Ikeja, wuraren bakin teku da ake zuwa kuwa suna can Victoria Island da Lekki, kuma tsakaninsu akwai gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12 da cunkoson da zai iya cinye maka rabin wuni. Tun watan Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi irin su Ikeja da Eti-Osa da Lagos Island, don haka babu batun “bari mu hau mashin mu je mu dawo.” Wanda ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 domin kwana biyu bai kamata ya ƙarar da awa huɗu a cikin mota don neman wani shahararren gidan abinci da ya gani a TikTok ba. Ka zaɓi masauki, sannan ka nemi wuraren cin abinci da ke kewaye da shi. Kuma ka tabbatar wurin da aka ba ka labari yana nan. Bar Beach da iyayenmu suke ba da labari ta tafi, an cike wurin da yashi an gina Eko Atlantic a kai. Bakin tekun Landmark ma an rushe wani ɓangarensa a watan Afrilun 2024 saboda aikin babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba. Labarin abokin da ya je shekara biyar da suka wuce ba abin dogaro ba ne.

Yanzu ga inda ya fi muhimmanci ga Musulmi, wato halal. A Bauchi ba ma tambaya, domin mahaucin namu ne, mai dafawar ma tamu ce. A garin bakin teku kuwa tilas ka buɗe baki. Naman shanu da na awaki ba su cika zama matsala a Legas ba, domin yawancin dabbobin daga Arewa ake kai su, ana yankawa a manyan mayanka irin ta Oko-Oba a Agege, kuma Yarabawa Musulmi suna da yawa a sana'ar. Inda ake samun shakka shi ne kajin ƙanƙara da ake fasa-ƙwaurinsu ta iyakar Seme, waɗanda babu wanda ya san yadda aka yanka su, sai kuma manyan gidajen abincin Turawa da na 'yan China, inda naman alade yake cikin jerin abinci kamar kowane nama. Ko ba ka jin Turanci sosai, ka riƙe kalmomin pork da bacon da ham a takardar abinci, ka kuma lura da wine da beer a bayanin miya ko na kifin da aka soya da ƙullu, domin akwai girkin da ake zuba wa giya. Tambaya uku sun isa, kuma ba abin kunya ba ne a yi su: kuna dafa alade a nan? Idan kuna dafawa, mai ɗaya da kasko ɗaya kuke amfani da su? Akwai giya a cikin wannan miyar? Gidan da ya san aikinsa zai amsa maka kai tsaye, wani ma ya kira mai girkin ya zo da kansa. Wanda ya fara kame-kame yana cewa “kada ka damu Alhaji,” sai ka gode masa ka fita. Gidajen abincin 'yan Lebanon da ke Victoria Island da Ikoyi sukan fi sauƙi ta wannan fuska, amma su ma a tambaya, domin ba kowane Balarabe ne Musulmi ba.

Hanya mafi sauƙi daga duk wannan ita ce kifi, kuma ai shi ne dalilin zuwa bakin teku. A mazhabar Malikiyya da muke kai, abin da ke rayuwa a cikin teku halal ne, ba ya buƙatar yanka, har da ƙaguwa da jatan lande. Mu da muka saba da tarwaɗa da ƙarfasa na ruwan daɗi da bandar kifi, gasasshen kifin teku da aka kamo da safe wani abu ne daban, kuma shi ne abin da uwargida za ta dawo tana ba ƙawayenta labari. Sai dai a yi hattara da abu biyu. Na farko, akwai jikin da ba ya karɓar jatan lande da ƙaguwa, kuma wanda bai taɓa ci ba bai san nasa jikin ba. A fara da ɗan kaɗan. Idan aka ga ƙaiƙayi ko kumburin leɓe, balle a ce numfashi ya fara wuya, asibiti za a nufa nan take, ba kantin magani ba. Na biyu, kifi ba ya jure zafi. Idan wurin da ake nuna maka ɗanye ne ka zaɓa, duba idonsa ya zama garau, cikin kunnensa ja, namansa kuma idan ka danna ya dawo. Wanda idonsa ya dushe ya lotsa, ko an cika shi da yaji da albasa ba zai boye wa cikinka ba.

Batun kuɗi kuma, a nan ne maza da yawa suke jin kunya a gaban matansu ba gaira ba dalili. Farashin da ka gani a takardar abinci a manyan gidajen Legas sau da yawa ba shi ne abin da za ka biya ba. Akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, akwai harajin jihar Legas na kashi 5 a kan abin da aka ci a otal da gidajen abinci, wanda dokarsa ta fito tun 2009, sannan wasu su ɗora nasu kuɗin hidima. A ce misali kun ci na naira 20,000 a gidan da ke karɓar kashi 10 na hidima, to abin da za a kawo maka ya kai naira 24,500, ba a sa kuɗin shiga bakin tekun da na ajiye mota ba, domin yawancin wuraren Lekki na 'yan kasuwa ne, sai ka biya kafin ka taka yashi. Kifin da ake sayarwa da nauyi kuwa, a auna shi a gabanka a faɗi kuɗinsa kafin a ɗora shi a wuta. Cinikin biri a sama ne ka ce a gasa sannan ka tambayi nawa. Kuma ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu, domin taransifa takan maƙale a daidai lokacin da ba ka so.

Shawarata a nan ita ce a yi babban ci guda ɗaya, ranar Asabar da rana ko da yamma, a wuri mai kyau da ake hango ruwa, a kashe masa abin da aka ware ba tare da ƙyashi ba. Sauran a yi su da sauƙi. Karin kumallo galibi yana cikin kuɗin ɗaki, a tambaya tun wurin kama ɗakin. Akwai ƙananan gidajen abincin Yarabawa masu tsabta inda za ku ɗanɗana amala da ewedu ko shinkafar ofada a kuɗi kaɗan, sai dai a gaya musu su sassauta yaji, domin barkonon miyarsu ba irin namu ba ne, manja kuma sai wanda ya saba. Wanda ya ce sai ya ci sau shida a wuraren da 'yan fim suke ɗaukar hoto, zai dawo Bauchi ya tarar da kuɗin makarantar yara yana jiransa, kuma matar da ya so ya burge ita ce za ta fara jin raɗaɗin a kuɗin cefane.

Tsabta ba sai na tsawaita ba. A watan Yunin 2024 kwalara ta ɓarke a Legas, Lagos Island da Eti-Osa suna cikin inda ta fi tsanani, har jami'an lafiya na jihar suka danganta wasu da suka kamu da wani kunun aya marar rajista da ake sayarwa a roba. Ku sha ruwan da aka rufe da hatimi, ku guji ƙanƙarar da ba ku san ruwanta ba, ku ci abin da aka sauke da zafinsa. Ni kan leƙa banɗakin gida kafin in zauna, domin wanda bai wanke inda baƙo ke gani ba, ba zai wanke inda ba a gani ba.

Akwai kuma masu cewa ai magana ta ƙare, a sauka Agege ko Idi-Araba ko Obalende, inda Hausawa suka yi shekara da shekaru, a ci tuwo da miyar kuka hankali kwance. Gaskiya ne hankali zai kwanta, kuma ga wanda zuciyarsa ba ta natsu da komai ba, wannan ya fi masa. Tsiren Legas ma ba abin rainawa ba ne. Na Glover Court a Ikoyi da na University of Suya a titin Allen da ke Ikeja sun yi suna har a wurin waɗanda ba Hausawa ba, kuma daren Juma'a bayan saukar gajiya, tsire da shayi sun isa abincin dare. Amma a ɗauko mace daga Bauchi, garin masa, a kai ta Legas ta ci tuwon da ita ta fi mai sayarwar iya tuƙawa, wannan kam an tauye ta. Ta ci abin da ba ta iya dafawa, ko da sau ɗaya ne.

Wurin zama shi ma abin dubawa ne, kuma maza ba su cika lura da shi ba. Yawancin wuraren bakin teku a Legas da rana wuri ne na iyali, yara na hawa doki, ana shan iska. Da magariba ta yi sai su rikiɗe, kiɗa ya tashi, kwalabe su fito. Matar da ta fito daga gidan mutunci da hijabinta ba za ta ji daɗin loma ko ɗaya a irin wannan yanayi ba, ko da ba ta faɗa maka ba. Saboda haka cin rana ya fi mana, tsakanin azahar da la'asar, a tashi kafin duhu. Ka kira tun da safe ka ce a ajiye muku tebur a gefe ko a lungu, musamman idan tana sa niƙabi, domin ba za ta ɗaga shi a tsakiyar fili ba. Alhazanmu da suka bi ta Jidda sun san yadda gidajen abincin can suka saba ware ɓangaren iyali. A Legas babu wannan tsarin, kai ne za ka nema. Ka kuma tambayi inda za a yi salla. Akwai babban masallaci a Lekki, amma gidan abincin da masu gadinsa 'yan Arewa ne, da wuya ka rasa buta da tabarma.

Na san wani zai ce, ana wannan tsadar rayuwa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane na neman na masara, kai kana maganar gasasshen kifi a Lekki? Maganarsa tana kan hanya, kuma ba na ba kowa shawarar ya ci bashi don ya je kallon teku. Sai dai mu Allah Ya ba mu abin da mutanen Legas ɗin suke biyan kuɗin jirgi su zo gani. Yankari tana ƙaramar hukumar Alkaleri, ka bi hanyar Gombe ka karya a Dindima, tafiyar da ba ta fi awa biyu ba. An keɓe dajin tun 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama na Gwamnatin Tarayya a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Ruwan Wikki yana fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa na kusan digiri 31, rani da damina, garau har kana ganin yashin ƙasansa, kuma babu igiyar da za ta ja mutum kamar ta tekun Legas, wadda ko gwanayen iyo suna tsoronta.

Sai dai a Yankari lissafin abinci ya sha bamban. A Legas matsalar ita ce wuraren sun yi yawa, a nan kuwa kana tsakiyar daji, kimanin kilomita 40 daga ƙofar shiga ta Mainamaji, babu wani lungu da za ka zaga ka sami mai shayi. Gidan abincin sansanin Wikki shi ne madogara, don haka a kira tun kafin a taso a ji abin da ake dafawa a wannan makon da lokacin da ake rufewa, idan an isa kuma a ba da odar abincin dare da wuri. A nan guzuri yana da hujja, amma na saye: masa mai zafi daga cikin gari da safen tafiya, balangu ko kilishi, lemo da ayaba da kankana, burodi da kayan shayi, da katan ɗin ruwa. Duk wanda ya taɓa kwana a can kuma zai gaya maka labarin gwaggon biri. Sun saba da mutane, sun san leda, sun san ƙofar da ba a kulle ba. Kada a ci abinci a baranda, kada a bar gilashin mota a sauke, kada uwargida ta riƙo leda a hannu tana tafiya. Lokacin rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, ya fi daɗin ganin namun daji domin suna taruwa a bakin kogin Gaji, amma ranakun bikin salla da na Kirsimeti wurin yakan cika, abinci ya yi saurin ƙarewa. Ma'aurata masu neman natsuwa su zaɓi wani makon.

Wanda ko Yankarin ta fi ƙarfinsa a yanzu, ya duba wani abu a rayuwarsa ta yau da kullum. Da yawanmu muna tsayawa wurin mai nama da dare mu ci na dubu biyu ko uku tare da abokai a majalisa, mu shigo gida da ɗan ragowa a takarda, wani ma ya shigo hannu rabbana yana goge baki. Kuɗin balangun mako biyu ya isa mutum ya ɗauki matarsa ranar Asabar da la'asar, su je ɗaya daga cikin gidajen abincin da ke GRA ko titin Jos, ya nemi teburin gefe, ya miƙa mata takardar abincin, ya sa wayarsa a aljihu har a gama.